Takarda Biyu, Yatsa Ɗaya

Tela tana durƙushe a tsakiyar shagonta, tana fama da kan keken ɗinki da ya ƙi shiga kwali. Ta juya shi hagu ya ƙi, ta juya shi dama ya yaga gefen kwalin. Ta ja tsaki ta zauna daɓas a ƙasa.

Kwana goma sha ɗaya ya rage a ɗaura mata aure. Kwana goma sha tara kuma jirgi ya ɗauke su, ita da yaranta biyu da sabon miji, zuwa ƙasar da ko sunanta ba ta iya faɗa daidai ba.

Wata guda ke nan ba ta huta ba. Sau uku ana yi wa yaran allurar rigakafi. Sau biyu ana dawo da hoton ƙaramar, wai ta yi dariya, wai kuma kunnenta ɗaya bai fito ba. Yarinya 'yar shekara huɗu da ake kira Tsuntsuwa saboda surutu, ita za a ce ta rufe baki ta kalli gaba? Ga kwalaye, kowanne da lambarsa da nauyin da ba zai wuce ba. Abin da Tela ta shirya da safe, kafin la'asar Tsuntsuwa ta zazzage shi tana neman 'yar tsanarta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abu ɗaya ya rage, shi ne babba. Tunda yaran marayu ne, ofis ya ce ba za a fita da su ba sai dangin ubansu sun sa hannu. Dangin ubansu kuwa mutum ɗaya ce ta rage a duniya, Inna, tsohuwar da ta haifi marigayin.

Inuwa ta tare hasken ƙofa.

“Salamu alaikum, matar manya.”

Tun kafin ta ɗaga kai ta san Mai Kemis ne. Ƙamshin man zafi ke riga shi shiga wuri. Shagonsa na jikin gidan Inna, shi yake auna mata jini, shi yake kai mata magani. Shekara biyu yana neman Tela, shekara biyu tana ce masa ya yi haƙuri. Inna kuwa shi take so, ba don komai ba sai don yaran su zauna a layinta.

“Wa alaikumus salam. In ɗinki ne na rufe.”

“Ɗinki? Ni ɗan aike ne yau.” Ya zaro farar ambulan mai hatimi daga aljihu yana fifita da ita. “Inna ta ce a mayar wa mai ita. Na ce bari in biyo ta wajenki, kada a ce na yi shisshigi.”

Tela ta ƙura wa hatimin ido. Ta san irin ambulan ɗin.

“Ba ni.”

“Bari in karanta miki, na riga na saba. Sau biyu na karanta wa Inna a ƙofar gida. Maƙwabta ma sun ce a maimaita.” Ya gyara murya. “‘Mai wannan takarda yana miƙa gaisuwarsa ga wadda aka ambata a sama, yana kuma da alfarmar sanar da ita cewa ana buƙatar sa hannunta a kan fom guda biyu da ke haɗe, dangane da Mai Dogaro na Ɗaya da Mai Dogaro na Biyu, kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Alhamis.’”

“Innalillahi.”

“Saura. ‘Yana kuma amfani da wannan dama ya sake jaddada mata matuƙar girmamawarsa.’ Direban ofis ya kawo. Har ya miƙa wa tsohuwa littafi ya ce ta sa hannu wai ta karɓa.”

Tela ta fizge takardar.

“Me Inna ta ce?”

“Ta ce ita dai a saninta ba ta da jika mai suna Na Ɗaya.” Ya jingina da ƙofa, ya sassauta murya. “Ki duba fa, Tela. Ni ba ni da jirgi. Amma yaran nan a gabana suka yi rarrafe. Ba sai kowa ya dangwala yatsa ba kafin su tsallaka titi su gaida kakarsu. Mutumin da zai aika wa tsohuwa sammaci, ke me kike tsammani zai aiko miki ranar da kuka saɓa?”

“Bango ya tsage ko? Shi ya sa ka zo da wuri.”

“Ni ne ƙadangaren ke nan?”

“Kai ka faɗa. Matsa min in rufe shago.”

Ta ja ƙofa, ta sa kwaɗo, ta bar shi tsaye da murmushinsa.

*

A ofishin mijin da za ta aura sai da aka karɓe mata waya a bakin ƙofa, aka rataya mata kati a wuya, aka zaunar da ita a ɗaki mai sanyi kamar cikin firij. Tana zaune tana ƙara tafasa.

Jakada take kiransa, amma shi ba jakada ba ne. Ƙaramin sakatare ne da ya shekara goma sha ɗaya a bayan tebur ɗaya yana jiran a tura shi waje. Da yagaggen aljihun kwat ya fara zuwa shagonta. Daga nan ya dawo sau bakwai da maɓallan da ta tabbata da hannunsa yake tsinke su. Mutum ne mai kirki, wannan ba ta musu. Shi ya zauna da ɗanta har ya iya agogo. Shi ne namiji na farko da ta yi dariya a gabansa bayan rasuwar mijinta, ta koma gida ta yi kuka saboda ta yi dariyar.

Ya fito da sauri yana gyara laktaye.

“Ranki ya daɗe, lafiya? Da kin kira ai da na aiko mota.”

Ta ɗora ambulan ɗin a kan tebur.

“Aike dai. Kai komai aike. Mene ne wannan?”

Ya duba, fuskarsa ta saki. “Au, har ta dawo? Ta sa hannun?”

“Sau nawa na ce maka ka je ka zauna gaban Inna?”

“Kin faɗa. Na kuma ce zan bi ta hanyar da ta dace.”

“Wannan ce hanyar?”

“Tela, wannan ita ce takarda mafi daraja da muke rubutawa. Irinta ake aika wa ministoci. Sau huɗu na gyara ta. Na ga kamar in na faɗo mata gida kai tsaye zan takura ta, gara ta samu lokaci ta yi nazari.”

“Nazari! Matar da ba ta san alif ba? Ka san wa ya karanta mata? Mai Kemis. A ƙofar gida. Yanzu duk layin sun san 'ya'yana sun koma Na Ɗaya da Na Biyu kamar kwalayen kaya.”

Ya sauke murya yana waigen ƙofa. “Haka fom ɗin yake kiransu, ba ni na...”

“Ta binne ɗanta guda ɗaya tilo. Kai kuma za ka ɗauke mata abin da ya bari, ka aika direba da wa'adin ƙarfe goma sha biyu. Ku ne kuke sasanta ƙasa da ƙasa? Wallahi na gane dalilin da yaƙi ba ya ƙarewa a duniya.”

Wani ma'aikaci da ke wucewa ya yi tari ya ƙara sauri.

Jakada ya zauna a hankali. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai yanzu abin ya fara shigarsa.

“Na ɓata ke nan.”

“Ka ɓata.”

“To bari in rubuta mata ta ban haƙuri.”

Tela ta rufe ido. Ta karanta abin da ya sawwaƙa a zuciyarta kafin ta buɗe.

“Ka taɓa biro a gabana yau, auren nan ya mutu tun ba a ɗaura ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Tashi.”

“Ina da taro ƙarfe ɗaya.”

“Ni ma ina da 'ya'ya biyu. Tashi.”

Ya tashi.

*

Ɗakin Inna bai canza ba tun ranar da aka fita da gawar ɗanta. Gadon ƙarfe, tabarma, buta a lungu. A jikin ƙusa jakar aikin marigayi tana rataye, bakin filaya ya leƙo, da naɗin waya ja da baƙa. Mai gyaran lantarki ne. Duk sanda Tela ta shigo ɗakin nan ba ta yarda idonta ya kai wajen ƙusar.

Inna tana bakin gado da carbi. Ta amsa sallamar Tela. Ta Jakada kuwa sai da ta ja ƙwaya uku.

Ya tsaya yana waige-waigen kujera. Tela ta nuna masa tabarma da ido. Ya durƙusa da ƙyar, wandon ya matse shi, gwiwarsa ta yi ƙara.

“Inna, da farko dai ina so in bayyana takaicina game da rashin fahimtar da aka samu tsakanin ɓangarorin...”

“Ka ce ka yi kuskure,” in ji Tela ta cikin haƙora.

“Na yi kuskure, Inna. Ki yafe mini.”

Tsohuwar ta dube shi daga sama har ƙasa.

“Ashe kana da baki. Na ɗauka a takarda aka haife ka.” Ta ajiye carbin a cinya. “Garin nan da za ka kai su, tafiyar awa nawa ce?”

“Awa goma sha ɗaya a jirgi.”

“A mota fa?”

“Mota ba ta zuwa, Inna. Akwai teku.”

“Shekara nawa za ku yi?”

“Huɗu.”

“Sai ku dawo.”

Tela ta zuba masa ido tana roƙonsa a zuci ya yi shiru. Ina.

“A'a, daga nan sai a tura mu wata ƙasar. Haka aikin yake. Amma ana ba da hutu duk bayan shekara biyu, in ba a samu wani uzuri ba.”

“In ba a samu uzuri ba,” Inna ta maimaita. “To madalla, ba ka iya ƙarya ba. Wannan ɗaya ke nan a cikin alherinka.”

Ta juya wajen Tela. Muryarta ta sauka.

“Ke 'yar nan. Ranar da aka fita da shi, ni da ke muka riƙe juna a bayan ƙofar can. Kin tuna? Ke kina cewa Inna ki riƙe ni, ni ina cewa ke ki riƙe ni. Na taɓa hana ki aure? Ƙuruciya gare ki, Allah ya ba ki wani mijin, na ce Allah ya sa albarka ko da ba shi na zaɓa ba. Ke kin samu wani miji. Ni a wace kasuwa zan samo wani ɗa?”

Hawaye ya ɓalle wa Tela.

“Inna, kada ki ce haka. Ni ma ban manta shi ba. Wallahi har yau in aka ɗauke wuta sai na juya in ce masa ya duba, sai in ga bango. Shekara uku. Na gaji da juyawa ina ganin bango, Inna. Ba gudunki nake ba.”

“Na sani.”

“Yaran za su yi karatu mai kyau. Za mu riƙa kira kullum, ki gan su a waya.”

“A waya zan shafa kansa?” Inna ta goge ido da bakin mayafi. “Maigidana kullum aka tashi makaranta nan yake fara faɗowa. Ya jefar da jaka a can, ya ce tsohuwa me kika ɓoye min. In ya juya baya zai fita, tafiyar ubansa ce sak, har yadda yake karkata kafaɗa. Minti goma nake samu a rana in ga ɗana yana tafiya. Shi za ku sa a jirgi.”

Maigidana, haka take kiran jikanta namiji tun ranar da aka haife shi.

“To ki biyo mu,” in ji Tela cikin kuka. “Ki zo mu tafi tare. Ɗaki guda ai ba zai gagara ba.”

Jakada ya motsa. “A gaskiya ƙa'idar ba ta lissafa mahaifiyar tsohon...”

“Wa ya tambaye ka?”

“Bar shi,” in ji Inna. “Ko ƙa'idarsa ta yarda ni ban yarda ba. Ƙasar da ta karɓi ɗana ita za ta karɓe ni.”

Daga waje ana jin muryar Mai Kemis yana yi wa wani bayanin sha biyu safe biyu yamma, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

“Kai ɗan nan,” in ji Inna. “Tawadar dangwalawar tana wajenka?”

Tana wajensa mana. Ya zaro ɗan akwatin tawada daga aljihun kwat, ya buɗe, ya shimfiɗa takardun biyu a gefen gado yana lallashe su da tafin hannu.

“Wacce ce ta yarinyar?”

Ya nuna.

Inna ta danna babban yatsanta a tawada, ta ɗora a inda ya nuna, ta danna har gadon ya yi ƙara. Ta ɗaga. Jakada ya matso da ta biyun.

Tsohuwar ta kama gefen zaninta ta goge yatsan, a hankali, har cikin farce.

“Inna?” in ji Tela.

“Yarinya ta uwarta ce, ku tafi da ita, Allah ya raya. Maigidana kuwa ku bar min shi har in rufe ido. Ba zan daɗe ba. In ba ku yarda ba ku tambayi mai kemis, shi yake ganin jinin.”

“Inna, ki raba su? Tare suke kwana. Ba ta cin abinci sai ya zauna kusa da ita!”

“Ni na ce a tafi?”

Ta ɗauki carbinta ta juya fuska wajen bango.

*

A ƙofar gida rana ta take. Tela ta tsaya jikin mota. Ta bar ɗa ta bi miji, ko ta bar miji ta zauna tana ganin bango. Gaba kura, baya sayaki.

Jakada yana hura takardar don tawadar ta bushe.

“Ki kwantar da hankalinki,” ya ce a tausashe. “A gaskiya an samu ci gaba. A aikinmu in aka samu rabi a zaman farko, nasara ce babba. Sai mu shigar da wannan yau, mu tafi da Tsuntsuwa, shi kuma a ci gaba da tattaunawa daga can. Wata shida, shekara...”

Ta juyo a hankali.

“Rabi.”

“Ina nufin...”

“Rabin me? Wata tara na ɗauki kowannensu, ban haifi rabi ba. Yaron da ya tashi da safe aka ce masa babansa ya tafi ba zai dawo ba, shi zan tsaya a filin jirgi in ɗaga wa hannu? In ce masa ana tattaunawa?”

“Tela, ba haka...”

“Karatu daban, hankali daban. Allah ya ba ka ɗaya ya ce ka nemi ɗayan, ka zauna a ofis.”

Mai Kemis ya fito bakin shagonsa yana goge kwalbar da ba ta da ƙura.

Sai ga su nan tafe daga kwanar layi. Yaron a gaba da jakar makaranta, yana janye da hannun ƙanwarsa, ita kuma tana ta zuba ba wanda yake saurare. Da ya hango motar ya saki gudu.

“Umma! An sa hannun? Na gaya wa 'yan ajinmu ni zan zauna jikin taga!”

Jakada ya sunkuya zai yi bayani.

“Ka furta kalma ɗaya ka gani,” Tela ta ce masa ƙasa-ƙasa. Ta shafa kan yaron. “Shiga ka gaida kakarka. Ja ƙanwarka.”

Suka ruga ciki. Daga ɗaki aka ji muryar tsohuwar ta canza kamar ba ita ta gama kuka ba. “Oyoyo maigidana! Yau me ka kawo wa matarka?”

Tela ta miƙa hannu. “Ba ni takardar.”

“Wacce?”

“Mai yatsan.”

Ya ba ta. Ta ninke ta huɗu ta tura cikin jakarta ta ja zif.

“Tela, in ban shigar da komai ba kafin Alhamis, ni kaɗai za su rubuta. Ba a sake buɗe fayil ɗin sai bayan shekara. Shekara goma sha ɗaya nake jiran tafiyar nan.”

“Na sani. Ban ce ka fasa ba.” Ta share fuskarta da bayan hannu. “Ko su shiga ofishinka su biyu, ko ko ɗaya ba ta shiga. Ni kuma inda ɗana ya kwana nan zan kwana.”

Ya dube ta, ya dubi farar takardar da ta rage a hannunsa, ya dubi ƙofar gidan.

“To yanzu me zan ce mata? Ban shirya komai ba.”

“Shi ya sa nake ganin wataƙila ta saurare ka. Yau Talata. Cire takalmin.”